Sanarwa: zaman bita kan auna ruwan jikin majinyaci

Assalamu alaikum ƴan'uwa likitoci da nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman. Ya aiki, ya kuma zafin Sakkwato?

In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa, za mu yi zaman bita da ƙarfe 10 na safe a ɗakin taro na sashenmu, mu tashi kafin Azahar.

Dalili kuwa, har yanzu da an ga awon matsin jinin majinyaci ya faɗi, sai hannu ya tafi kan ledar ruwa. To ba kowane ne ƙarin ruwa ke yi wa amfani ba, wani ma huhunsa ruwan zai cika. Lambar CVP, wato awon matsin jini a manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ita kaɗai ba hujja ba ce, kada ta ruɗe mu. Za mu gwada ɗaga ƙafafun majinyaci zuwa digiri 45 mu ga ko zuciya ta ƙara turo jini, sannan mu duba babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya da na'urar sikanin. Za mu kuma tuna wa juna abin da ake so a samu ga wanda cuta ta shiga jininsa: MAP, wato matsakaicin matsin jini, ya kai 65, fitsari mililita 0.5 a kowane kilo cikin awa ɗaya, da danna farce a ga jini ya dawo cikin daƙiƙa 3.

Kowa ya zo da takardar shiga da fitar ruwa ta majinyaci ɗaya, amma a rufe sunan, don Allah. Wanda aikin dare ya hana, ya faɗa a nan kafin Alhamis.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya saka muku da alheri.

Ƴar'uwarku, sakatariyar rukuni.