Guntun rodi a rairayi ba ya kare kowa daga tsawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan'uwana masu rediyon kiran juna a gida, mu da lambar kiranmu ke farawa da 5U, da duk wanda ya kafa doguwar eriya bisa soro, tun damina ba ta kankama ba.

Abin da nake gani a gidajen Tawa shi ne guntun rodi na rabin mita a gindin bango, an murɗa masa siririyar waya, maigida ya ce ai ya yi ter, wato hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, busasshen rairayi kuwa da ƙyar wuta ke bi ta cikinsa. Sanda mai rufin jan ƙarfe ake so, tsawon mita 2 ko fiye, a kafa ta inda danshi ke daɗewa. In ɗaya ba ta isa ba a ƙara ta biyu, tazararsu ta kai tsawon sandar, a haɗa su da wayar jan ƙarfe mai kauri, gajera, miƙaƙƙiya, don wutar tsawa ba ta son kwana. Gishirin da masu gyaran wuta ke zubawa a ramin tare da gawayi yana aiki na ɗan lokaci, daga baya shi ke cin ƙarfen.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gidan da rediyo ke da tasa sandar, wutar NIGELEC ke da tata, babu abin da ya haɗa su. Mutum yana ganin tsaro biyu ya yi. Ran da tsawa ta faɗi kusa, ƙarfin wutar da ke sandunan zai bambanta, sai ta nemi hanyar daidaitawa ta cikin na'urar, ko ta hannun da ke riƙe da makirfo. A ɗaure su duka da waya ɗaya mai kauri ta wajen ɗaki, wayar eriya ma ta ratsa nan kafin ta shiga.

Bututun ruwa na roba ba ter ba ne, na gas kuwa kada ma a kusance shi. Wutarmu bolt 220 ce, sai a sa disjonktar mai 30 mA, mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa.

Duk da haka, da zarar hadari ya taso daga gabas, a zare wayar eriya a fitar da ita waje, a cire firiz ɗin rediyon daga wuta, tun iska ba ta iso ba.

Naku,
Tsohon mai gyaran wuta, Tawa