Zuwa Ga Ɗana, Kan Maganar Da Ta Iso Kunnena

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna lafiya, sai ƙafar mamarka da ka sani.

Kawunka ya zo mini da maganar da ta hana ni barci. Wai an gan ka da abokin nan naka kun fita bayan gari wurin boka, har an ba ka abin da za ka binne a ƙofar shagonka na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ban ce na gaskata ba. Amma an daɗe ba a ganinka a sujada, kuma da kunnena na ji ka ce wa ƙanwarka, "Addu'ar Baba me ta tsinana mana?"

Na san ciniki ya tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai son sabuwar waya kuɗin kwanon shinkafa yake lissafi. Na san bashin da ke wuyanka. Bashi bai dame ni ba, ana biya. Ko shagon ya rufe, ba a kanka aka fara ba. Tsorona ɗaya ne: kada don ka ga kamar Allah ya yi shiru, ka je ka durƙusa wa wani. Buɗe 1 Sama'ila 28. Sarki Saul da kansa ya kori masu duba daga ƙasar, amma da ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, sai ya ɓad da kama, ya bi dare zuwa wurin macen nan ta Endor. Bai samo komai ba sai labarin mutuwarsa. Mai binne laya a ƙofar shago ba a nan yake tsayawa ba. Gobe a ce ya kawo baƙin bunsuru, jibi a nemi abin da ba ya faɗuwa.

Me addu'ata ta tsinana? Kai ne mai wannan tambayar? Lokacin da kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, kana tsaye kusa da ni, atamfofina sun zama toka, ƙofar ƙarfen ta lanƙwashe, ko kwaɗon ban gane ba. Washegari Lahadin Ista ce. Na sa rigata mai warin hayaƙi, muka tafi majami'a muka raira waƙar tashin Almasihu. Ni ma an raɗa mini a kunne cewa akwai inda za a kai ni, na ƙi. Ban mayar da dukiyar ba, gaskiya ne, kuma ba na jin kunyar hakan. Amma ka taɓa kwana da yunwa a gidan nan? Wa ya sa maƙwabcina Alhaji ya ba ni kaya bashi ba takarda? Makarantarka ta tsaya? Abokan Daniyel uku sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko bai cece su ba ma ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. A kan wannan na rene ku.

In ƙarya aka yi maka, ka zo ka faɗa mini ido da ido, zan yarda da kai. In kuwa gaskiya ne, ka tone abin nan yau, ka kawo shi mu ƙone tare da fasto, ba wanda zai ji. Ka zo da littafin bashin mu zauna a kai. Filin nan na ƙauye ba abin da yake yi mini.

Mamarka ba ta sani ba tukuna. Ka zo kafin Lahadi.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka