Zuwa ga ƴata mai son karatun zane

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da mamanki da ƙannenki. Mu nan Yamai lafiya lau, sai zafi da ɗinkin salla da ya taru mana a shago.

Mamanki ta gaya mini abin da kika kasa faɗa mini a waya. Kina son zane ya zama sana'arki, kuma kina neman in sa baki a cire ki daga ajin C na kimiyya a mai da ke A na adabi, wai mai zane ba ruwansa da lissafi. Ta ce Gwaggonki ma ta zo gida ta yi ta faɗa, an kai yarinya lise ta zama likita ta ɓige da ɓata kaye. Maganar ta fi ƙarfin kuɗin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ki karanta a natse, in kin ga fuska ki karanta wa Gwaggon.

Zanen na yarda da shi, ki yi abinki. Yayata tana ganin kamar wasan Nasara ne da aka kawo mana tare da lakwal, amma ita kanta ta san ba haka ba ne. Lokacin da nake yaron tela a bayan Babbar Kasuwa, babbar riga ba ta farawa da allura. Sai an kai ƙyallen wurin mai zane tukuna, galibi malami mai kyan rubutu. Ya shimfiɗa shi a tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya fitar da aska takwas a hagu, daga wuya zuwa aljihu, sannan ya kewaya tambari a dama da kuma baya. Ko zare ba ya taɓawa, kuma kuɗinsa daban ake biya. Mu ne za mu yi makonni muna bin layinsa har idanu su yi ja, amma ranar da mai rigar ya sa ta zuwa idi, masu ido abin da suke tambaya shi ne wa ya zana ta. Haka maginan da suka ƙawata bangayen unguwar Birni a Damagaram, haka masu zayyanar allo ranar sauka, haka mai ƙunshin da ke zana wa amare lalle. Duk abin nan namu ne tun kaka da kakanni.

Batun barin C kuwa, a nan muka raba hanya.

Malamin nan da na gaya miki, kafin alƙalaminsa ya taɓa ƙyalle sai ya ninka shi ya nemo tsakiya, ya auna da taki da yatsu, ya ɗiɗɗiga alamomi. In tsinin aska ɗaya ya karkace da faɗin ɗan yatsa, sauran duk sai su bi shi, rigar kuma ta tashi daga aiki bayan an kashe mata zare na kuɗi. Ni yau da santimita nake aiki, amma abin bai sake ba. Hannun riga da ramin da za a ɗinka shi a ciki layuka ne biyu masu lanƙwasa, dole tsawonsu ya dace, in ba haka ba hammata ta tattare. Siket mai buɗewa da'ira ce, kuma kafin ki sa almakashi sai kin raba awon ƙugu da 6,28 kin san inda za ki yanke tsakiyarta. Wannan 3,14 ɗin da kuke haddacewa a kwalej kuna tsaki, shi nake ninkawa biyu ina cin abinci da shi. Duk wanda ya ce miki zane mafakar waɗanda lissafi ya kora ne, bai taɓa biyan kuɗin shaddar wani da ya ɓata ba.

Akwai kuma maganar ƙofofi. Ba ki san yau ko tufafi za ki tsara ba, ko gini, ko aikin kwamfuta. Makarantar koyon tsara gine-gine da birane ta Lome, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, da gasa ake shigarta, kuma ɗan C ko D, wato azuzuwan kimiyya, ya fi samun sauƙin tunkararta. Mai bak ta kimiyya, wato shaidar gama lise, in ya ga dama ya koma ɗinki gobe, babu mai hana shi. Wanda ya gudu daga lissafi tun yana shekara 16, ranar da ya so tsara bene sai ya tarar an rufe.

Ki dubi Mariam Issoufou, wadda aka fi sani da Mariam Kamara. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa, har ta yi aiki da shi a Amurka, daga baya ta koma makaranta ta koyi tsara gini, ta buɗe ofishinta a nan Yamai a 2014. A Dandaji, cikin jihar Tawa, mutanen gari sun so sabon masallacin Juma'a. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina musu sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuma ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin nan aikin Alhaji Falke Barmu ne, magini kuma manomi, wanda ya fara gina masallacin Yama a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ɗaya a jami'a ta koya, ɗaya a bakin ramin kwaɓa ƙasa, amma kowannensu ya san nauyin da bango zai iya ɗauka kafin ya yi masa ado. Alphadi ma da kike yawan ambata, wanda ya kai bikin nunin tufafi na FIMA cikin hamada kusa da Agadas a 1998, bayan kowace rigar da kika gani a hoto akwai awo da yanka.

Yanzu zanen da kika turo. Na duba su duka, na kuma nuna wa abokin aikina. Fuskokin nan masu manyan idanu da kike kwaikwayo daga waya, hannunki ya iya su, amma duk fuska ɗaya ce, kuma yara dubu a duniya suna zana irinta. Wanda ya tsayar da ni shi ne randar mamanki da moɗa a kanta. Kin ga inda ruwa ya jiƙa gindinta ya yi duhu, kin ga ɓallin da ke bakinta, ba ki gyara shi ba. Abu ɗaya ya rage: kin zana bakin a zagaye sosai, alhali daga inda kike zaune ba haka idonki ya gan shi ba. Kanki ne ya san bakin randa zagaye ne, sai ya umarci hannu. Ki koma ki zauna a wurin, ki miƙe hannu da kiriyo, ki rufe ido ɗaya, ki auna faɗin bakin da babban yatsa, sannan ki juya kiriyon ki auna tsayinsa. Za ki ga ya baje kamar ƙwai a kwance, kuma duk sanda kika ƙara durƙusawa sai ya ƙara tsukewa har ya zama layi. Ki zana ta da safe, ki sake zana ta bayan la'asar, ki lura inda inuwa ta koma. Kin ce mushenku na desan sau ɗaya yake shiga a mako. To, sauran kwanakin tsakar gida ce ajinku: turmi, murhu, faifai, kujerar tsuguno, keken ɗinkina da na bari a zaure.

Ranar da babu lakwal, ki ɗauki ƙanenki ku je wurin dukawa. Ki gaishe su da ladabi, ki ce ke ƴar wane tela ce, ki nemi izinin zama. Jar akuyar Maraɗi da kike kora daga bakin tukunya, fatarta na cikin waɗanda aka fi daraja a duniya. Tun zamanin ayari ake haura Sahara da jemammiyar fatar ƙasar Hausa, Turawa su saye ta a hannun ƴan Maroko su sa mata sunansu. Ki ga yadda majema ke jeme ta da bagaruwa, yadda karan dafi ke ba da ja, yadda baduku ke ajiye siririn kore kusa da ja sai jan ya ƙara haske. A aji za a gaya miki launukan asali uku ne, ja da rawaya da shuɗi, kuma kore abokin gabar ja ne, shi ya sa suke fito da juna. Baduku bai taɓa jin wannan darasi ba, amma kullum shi yake yi. A gidan tarihi na Bubu Hama da ke nan Yamai akwai rumfunan masu aikin hannu, maƙeran azurfa da masaƙa da dukawa. In an yi hutu kika zo zan kai ki ki wuni.

Waya ba na hana ki. Ki koyi zane a kwamfuta ma, don a can kasuwar take yanzu. Sai dai ki sani launin gilashin waya haske ne, na takarda kuwa tawada ce kala huɗu da injin bugu ke haɗawa, shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a waya yakan fito a dushe a katin aure. Ni ma kullum sai na sha rigima da masu kawo hoto su ce irin wannan zaren suke so.

Gwaggonki ta taɓo maganar zana mai rai, kuma kada ki raina ta a kan wannan. Akwai hadisai masu tsoratarwa a kai, malamai kuma sun yi bayani mai faɗi game da abin da ya shiga ciki da wanda bai shiga ba. Ki kai tambayar wurin malaminku na Islamiyya, ni tela ne. Abin da na sani, gini da tufafi da rubutu da tambarin kamfani da zanen atamfa sun ishi mutum aiki har tsufa ba tare da ya zana ko ƙuda ba.

Ta ce kuma ba a cin abinci da shi. Ki zagaya kasuwa da ita. Man gyaɗarmu da ƙuli-ƙulinmu da yajinmu ba su gaza na kowa ba, amma a tsohuwar gorar ruwa da farar leda ake sayar da su, kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa kuma su zo da takarda mai suna da launi, mai saye ya miƙa hannu can. Matan unguwarmu masu sana'a suna bukatar wanda zai tsara musu wannan takardar, masu shaguna suna bukatar allo da ba a rubuta shi a karkace ba. Ba zan ce miki akwai albashin gwamnati a ciki ba. Aiki ne na wanda zai nemi ciniki da kansa, wata rana a samu, wata rana a sha iska. Ki fara da yajin mamanki, ki tsara mata takarda, mu ga ko ciniki zai motsa.

Ga sharaɗina. Ki zauna a C, baɗi ki zaɓi C ko D yadda makinki ya nuna. In lissafin ne ya yi tsauri, ki faɗa mini a nemo mai koya miki da yamma, zan biya. Kada a kama ki kina zane lokacin darasin wani mushe. Kada ki yage ko takarda ɗaya, har wadda ba ta yi kyau ba. Ki sa wa kowace kwanan wata ki adana a jaka, don duk inda za ki nemi shiga gaba abin da hannunki ya yi za a ce ki nuna, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ba direban da ya saba kawo muku saƙo jika 10 da ƙunshi ɗaya. A ciki akwai babban kaye marar layi, da kwampa, da kiriyo iri uku: HB na fara layi, 2B da 4B na inuwa, don duk sanda lambar B ta ƙaru bakin ya fi taushi da duhu. Ki ɓoye su daga Auta. Kuɗin ki ba mamanki, ta cire miki jika 3.

Ki gaishe da Gwaggonki da kyau, ki ce zan kira ta ranar Juma'a bayan masallaci. Randar kuma ina jiran ta kafin salla. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba