Amsa ga ƙanena da ya tambayi abin da ya haɗa ni da Ventforet Kofu

Assalamu alaikum, ƙanena.

Na ga tambayar da ka yi mini a Facebook, bayan wadda ka yi a gidan kallo ranar Asabar. Ka ce: "Yaya, ga Madrid ga Arsenal, me ka gani a jikin wata ƙungiyar rukuni na biyu ta Japan da har kake tashi da asuba dominta?" Tun da a bainar jama'a ka tambaya, bari in amsa maka a bainar jama'a.

Peter Utaka ne ya kai ni can, ƙanin John Utaka na Super Eagles. Na fara bibiyarsa tun 2016, lokacin da ya shiga sahun waɗanda suka fi cin ƙwallo a babbar gasar Japan yana Sanfrecce Hiroshima. Da ya koma Kofu a 2019 sai na bi shi. Shi ya tafi ya dawo ya sake tafiya, ni kuwa na zauna, saboda abin da na tarar a tarihin ƙungiyar ya fi ƙarfin ɗan wasa guda.

Kofu shi ne babban birnin Yamanashi, yankin duwatsu da gonakin inabi a gindin dutsen Fuji, yankin da ke da mutane wajen 800,000. Yawancin manyan ƙungiyoyin Japan 'ya'yan kamfanoni ne: Toyota ce ta haifi Nagoya, Nissan ta haifi Yokohama Marinos, Hitachi kuma Kashiwa Reysol. Ita Kofu ba ta da irin wannan uban. Tsofaffin ɗaliban wata makarantar sakandare ta garin ne tushenta, suka kafa ta a 1965. Sunan ma daga tutar Takeda Shingen aka samo shi, jarumin da ya mulki yankin a ƙarni na 16, wanda tutarsa ke ɗauke da kalmomin iska da daji da wuta da dutse. Suka ɗauki biyun farko da Faransanci suka haɗa.

Da aka buɗe rukuni na biyu na ƙwararru a 1999, Kofu na cikin waɗanda aka fara da su, kuma ita ta zo ta ƙarshe. A 2000 ma haka. A wannan kakar sai da ta yi wasa sama da 20 a jere ba ta ci ko ɗaya ba, 'yan kallo ba sa kai 2,000 a wasa, bashi kuma ya haura yen miliyan 400. Maganar rushe ta ta riga ta hau teburi. Sai masu hannun jari da hukumomin yankin suka ba ta shekara ɗaya tare da sharuɗɗa uku: 'yan kallo su kai 3,000 a kowane wasa, masu katin goyon baya su kai 5,000, kuɗin talla kuma yen miliyan 50. In ba a cika ba, a rufe.

A nan ne zuciyata ta kamu, ƙanena. Mutumin da aka danƙa wa ragama a 2001, Kazuyuki Umino, daga kamfanin jaridar yankin ya fito. Bai zauna jiran wani attajiri ba. Shago shago aka bi. Wanda ke da kuɗi kaɗan ya sayi ƙaramin allon talla, wanda ba shi da kuɗi ya ba da abin da yake da shi: mai wanki da guga ya wanke riguna, mai gidan abinci ya ciyar da 'yan wasa. Har gadon da ake ɗaukar ɗan wasa idan ya ji rauni sai da aka samo wanda zai sa tallarsa a jiki. In ka kalli wasansu na gida ka lura da bayan raga, za ka ga alluna jere sahu sahu kamar kasuwar ƙauye ranar cin ta, kowanne sunan wata ƙaramar sana'a ce ta garin. A 2001 sun sake zuwa na ƙarshe a teburi, amma sun cika sharuɗɗan nan uku, kuma ba su yi asara ba. Ni a wurina wannan kakar ta fi wasu kofunan daraja.

Shekara huɗu bayan haka, a Disamban 2005, suka haɗu da Kashiwa Reysol a wasan neman gurbin babbar gasa. Sun ci 2 da 1 a gida, suka je Kashiwa suka ci 6 da 2, kuma duka shidan ɗan Barazil ɗin nan Baré ne ya zura su. Daga nan aka yi ta hawa da sauka: sun faɗo a 2007, sun koma, sun sake faɗowa a 2011, sun lashe rukuni na biyu a 2012, suka yi shekara biyar a sama kafin su sauko a ƙarshen 2017. Duk ɗan wasan da ya haska, masu kuɗi sai su ɗauke shi. Wannan yana da ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Sai 2022. A gasar lig ba su taɓuka abin kirki ba, na 18 suka ƙare. Amma a Kofin Sarkin Japan, wanda ƙanana da manya ke shiga, sun fitar da Sapporo da Tosu da Fukuoka da Kashima Antlers, dukansu 'yan babban rukuni. Wasan ƙarshe ranar Lahadi 16 ga Oktoba ne a Yokohama, da Sanfrecce Hiroshima. Na dawo daga masallacin asuba na zauna a dakalin ƙofar gida da waya a hannu, sanyi na ɗan kaɗawa, mai shayin layinmu bai gama hura wuta ba.

Mitsuhira ya fara ci wa Kofu. Hiroshima ta farke saura 'yan mintuna a tashi. A ƙarin lokaci aka sako Hideomi Yamamoto, mai shekara 42, wanda ke ƙungiyar tun 2003. Bai jima da shiga ba ƙwallo ta taɓa hannunsa a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenariti. Na ajiye wayar a cinya na kasa kallo. Mutumin da ya ba ƙungiya shekara 20 na rayuwarsa, a ce ta hannunsa kofin zai kuɓuce? Sai gola Kohei Kawata ya faɗa ya kaɗe ta. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Kawata ya sake tare guda, kuma wanda ya fito bugun ƙarshe shi ne dai Yamamoto. Ya zura ta, 5 da 4. Mai shayi ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya, domin ya ga ina share ido da hannun riga.

Kofin ya ba su gurbi a gasar zakarun Asiya. Filinsu bai cika ƙa'idar hukumar ƙwallon Asiya ba, don haka a babban filin ƙasa na Tokyo suka riƙa karɓar baƙi, a tsakiyar mako, nesa da gida. Ƙungiyar ta roƙi masu son ƙwallo su zo su taya ta, sai ga magoya bayan wasu ƙungiyoyin sun zo, kowa da rigar tasa ƙungiyar, suna yi wa Kofu waƙa. Da Utaka a gaba, yana dab da shekara 40, suka zo na ɗaya a rukunin da ke da Melbourne City da Zhejiang da Buriram United, kafin Ulsan ta Koriya ta Kudu ta fitar da su a zagayen 'yan 16.

Ban ce ka bar Arsenal ɗinka ba, ƙanena. Amma Japan ta riga mu da awa 8, wasanninsu na rana da safiyarmu suke faɗowa. Ranar da za su buga na gaba ka biyo ta gida bayan asuba, za ka same ni a dakali, in nuna maka allunan nan na bayan raga ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaida su Inna.

Yayanka.