A daina zuba wa karnukan unguwa guba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya faru a unguwarmu satin da ya wuce. Kare ya ciji wani yaro, sai kawai wasu samari suka barbaɗa guba a nama suka watsa a layi, da gari ya waye karnuka biyar aka tsinta a mace har da na Baba maigadinmu wanda wallahi ba shi ya yi cizon ba.

Sunan karen Bar-su, irin sunan habaicin nan na mafarauta, don Baba tsohon mafarauci ne, tun yana ɗan kwikwiyo ya taho da shi daga ƙauye. Shekara takwas suna kwana tare a bakin get, in an kawo wa Baba tuwo sai ya gutsura masa tukun kafin ya kai loma bakinsa. Lokacin da aka kwantar da Baba a asibiti kwana shida karen nan ya ƙi cin komai, ni da kaina na kai masa ƙashi, ya shinshina ya kau da kai ya koma ya kwanta kan buhun da Baba ke zama a kai. Ranar da aka sallamo shi kuwa tun kafin ya sauko daga keke napep karen ya sheƙa a guje yana wani irin kuka, Allah sarki.

Na san wani zai ce ai kare najasa ne. To mu dai a Malikiyya malamanmu sun koya mana kare mai rai ba najasa ba ne, in ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai, kuma hadisi ya halatta na farauta da na kiwo da na gona. Mutumin da ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi ai Allah gafarta masa ya yi.

Ba wai ina raina ciwon haukan kare ba ne fa, in alamunsa suka bayyana sai dai a yi addu'a. Amma guba ba ta maganinsa. Wanda aka ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa kamar minti 15 a garzaya asibiti a yi allura, su kuma karnukan a kai su wajen likitan dabbobi a yi musu rigakafi duk shekara, allurar karnukan ma a Vom ta jihar Filato ake haɗa ta, ba sai an jira Turai ba. Kuma ku duba, naman gubar nan a layin da yaranmu ke wasa aka yar da shi, ga kaji ga akuyoyi.

Baba shi kaɗai ya ja Bar-su bayan gari ya binne. Na ce zan samo masa wani kwikwiyon, ya ce in bari tukuna.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya