Kafin ɗan Maraɗi ya hau jirgin yawon tsibirai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka bai shafe mu ba, tun da Nijar ba ta da bakin teku, kuma daga Maraɗi zuwa gaɓar Legas ko ta Kwatano tafiya ce a mota da ta haura kilomita 1,000. Abin da nake nufi shi ne yawon buɗe ido na yini guda a ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, wanda ake kwasar mutane da safe, a zagaya da su tsibiri huɗu ko biyar, a dawo da su kafin magariba.

Ya shafe mu, domin mutanen wannan gari matafiya ne tun kaka da kakanni. Alhazan kasuwarmu suna zuwa Lome da Legas, wasu har Dubai da Bankok, ɗalibanmu suna Dakar da sauran biranen bakin teku, ma'aikata kuma ana tura su taro Konakiri ko Zanzibar. Idan aiki ya ƙare aka samu yini guda na hutu, sai mai masauki ko wani ɗan kamasho a ƙofar otel ya miƙo takarda mai hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa, daga nan sai mu ga bidiyon a salula, mutum ya riƙe hula da hannu ɗaya, iska tana kaɗa masa riga. Ba ni da ja da wannan yawo, kuma ba na cikin masu cewa almubazzaranci ne. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya tashi tsakanin gonakin hatsi da gyaɗa yana da haƙƙin ya ga wannan ɓangare na halittar Ubangiji da idonsa. Inda nake da magana shi ne yadda ake sayar da yawon, wato da yawan tsibirai, da kuma yadda mu masu saye muke ɗaukar cewa wanda ya ce biyar ya fi wanda ya ce biyu araha.

A duba lissafin. Yinin yawo ba ya wuce awa takwas ko tara. A Tailan, inda wannan sana'a ta fi bunƙasa, daga Fuket zuwa tsibiran Fifi kimanin kilomita 45 ne, jirgi mai gudu yana cinye su a awa guda, babban jirgin fasinja kuma a awa biyu. Idan aka cire zuwa da dawowa, aka cire tafiyar da ke tsakanin wannan tsibiri da wancan, da abincin rana, da jiran wanda ya makara wajen ɗaukar hoto, abin da zai rage wa kowane wuri ba zai kai awa guda ba. Direban jirgi kuwa ya yi alkawarin biyar, kuma maigidansa ba zai karɓi uzuri ba, saboda haka duk mintin da ya salwanta a kan tudu a kan ruwa zai rama shi, ta hanyar ƙara wa inji wuta. Yawan tsibiran da ke kan takarda shi ne yake haifar da gudun, gudun kuma shi ne yake jawo yawancin abin da ake tsoro. Su kansu wuraren ba su tsira ba: gaɓar Maya da ke tsibiran Fifi sai da hukuma ta rufe ta a 2018, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2022, saboda cunkoson jirage da na mutane ya lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwa.

Wanda bai taɓa hawa ba zai zaci tafiyar sulɓi ce. Irin wannan jirgi, mai inji biyu ko uku a maƙale a bayansa, idan ya ɗauki gudu yakan kai kilomita 50 a awa, sai goshinsa ya ɗaga sama, ya riƙa hawa igiyar ruwa yana faɗowa a kan ta gaba, kuma ruwa a wannan gudu ba shi da taushi ko kaɗan. Zaman gaba, wanda kowa yake rububinsa saboda iska da hoto, ya yi kama da zaman bayan babbar mota marar kaya a kan hanyar burji mai ramuka, sai dai a nan ba mai rage gudu idan ya hango rami. An sha samun waɗanda ƙashin bayansu ya tsage ta wannan hanya ba tare da jirgi ya kife ko ya yi karo da komai ba, shi ya sa kamfanonin da suka san abin da suke yi ba sa ɗaukar mace mai ciki, kuma suna gargaɗin mai ciwon baya da mai ciwon zuciya. Dattijo ya nemi kujerar baya kusa da inji, ya haƙura da ƙara da warin mai. A kuma sani cewa a yawancin gaɓoɓi teku ta fi kwanciya da safe, iska tana ƙaruwa ne bayan azahar, wato daidai lokacin dawowa, lokacin da direba ya makara, fasinjoji kuma sun gaji.

Sai maganar da ba mu cika son faɗa ba: yawancinmu ba mu iya iyo ba. Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa sai da damina, kuma ko a lokacin iyaye hana yara zuwa suke yi, da dalilinsu. Ban da masuntan tafkin Madarunfa, abin da ɗan wannan yanki ya sani na ruwa bai wuce kududdufin bayan gari ba, shi kuwa ba shi da igiya, ba shi da jan ruwan da ke kwashe ƙafar mutum daga ƙasa. Mu ba Sarkawa ba ne, kuma ko Basarke da ya girma a kogin Isa baƙo ne a teku. Duk da haka sai ka ga babban mutum an miƙo masa rigar kariya daga nutsewa ya ajiye ta a kan cinya, don kada ta ɓata masa shadda ko kada yaran jirgi su gane tsoro yake ji. Rigar da ke kan cinya ba ta da amfani, domin jirgi mai gudu idan zai kife ba ya ba da lokacin saka ta. Haka ma wadda aka saka ba a ɗaure ba, ko wadda ta yi wa mutum yawa, da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. Yaro yana bukatar tasa daidai jikinsa, kuma uban da ya ga babu ta yara a jirgi ya kamata ya sauko da iyalinsa, ko da kuɗin tikiti zai salwanta. Babbar riga da zani mai yawa idan sun sha ruwa nauyi suke yi su ɗaure ƙafafu, don haka tufafin wannan rana su kasance masu suturta jiki amma marasa yalwa. Mai cewa kwana idan ya ƙare ya ƙare gaskiya ya faɗa, sai dai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne, kuma a nan ne ake yawan cutar baƙo. Hutun lakwal na Yuli zuwa Satumba, wanda shi ne lokacin da iyali suke samun sukunin tafiya, shi ne tsakiyar damina a Konakiri, birnin da ruwan da ke sauka a cikinsa a shekara yakan kusanci milimita 4,000, alhali mu a nan muna godiya idan mun samu 500. A Fuket ma daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ce ke kaɗawa, har hukuma takan rufe tsibiran Similan gaba ɗaya daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. A wannan lokaci farashi yake sauka, ɗan kamasho kuma ba zai gaya maka dalilin saukarsa ba. A ranar 5 ga Yulin 2018 wani jirgin ƴan yawon buɗe ido mai suna Phoenix, wanda ma ya fi waɗannan ƙananan girma nesa ba kusa ba, ya kife a hadari yana hanyar komawa Fuket, mutum 47 suka rasu, dukansu baƙi daga Sin. A yankinmu na Afirka ta Yamma kuwa ba a manta da Joola ba, jirgin Senegal da aka ƙera domin mutanen da ba su kai 600 ba, wanda ya kife a ranar 26 ga Satumbar 2002 da rayuka 1,863 bisa ƙidayar hukuma. Wancan babban jirgi ne, amma cutar da ta kashe shi, wato lodin da ya wuce ƙima, ita ce dai ake gani a ƙaramin jirgi idan mai shi ya ce a matsa a ba mutum biyu wuri.

Ko da an je lafiya an dawo lafiya, akwai hasarar da mai gaggawa yake yi bai sani ba, kuma ita ce ta fi damuna. A ɗauki Gore, tsibirin da ke gaban Dakar, wanda tsawonsa bai wuce mita 900 ba, babu mota ko ɗaya a cikinsa, kuma jirgin fasinja na yau da kullum yana kai mutum cikin kamar minti 20 ba tare da jijjiga ba. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Kowa ya san gidan bayi da ƙofarsa mai kallon teku, kuma can ake garzayawa a ɗauki hoto a fito. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a wannan tsibiri makarantar horar da malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1937, kuma a nan ne Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Ɗan Nijar da ya taka Gore yana taka wani yanki ne na tarihin ƙasarsa, kuma wannan ba abin da ake gani ba ne idan yaron jirgi yana busa usur yana nuna agogo. Akwai tsohon masallacin dutse a gindin tudun tsibirin, akwai gidan tarihi a tsohuwar ganuwar sojoji, akwai lunguna masu inuwa da mutum zai zauna ya yi hira da mazauna wurin. Yini guda cur bai yi wa Gore yawa ba. Wanda yake da sauran kwana a Dakar sai ya bar tsibirin Ngor, wanda kwale-kwale yake kaiwa cikin ƴan mintoci, zuwa wata rana.

Haka tsibiran Los da ke gaban Konakiri, wato Kasa da Rum da Tamara, waɗanda ake zuwa daga tashar masunta ta Bulbine. Yawancin masu zuwa rairayi kawai suke gani. Amma waɗannan tsibirai a hannun Ingila suke har zuwa 1904, lokacin da ta miƙa su ga Faransa cikin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a wannan shekara, kuma ita wannan yarjejeniyar ce ta janyo layin iyaka tsakanin Nijar da Najeriya zuwa kudu domin Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Isa zuwa Damagaram, gyaran da aka ƙarasa a 1906. Ke nan iyakar da muke ƙetarewa bayan Ɗan Isa idan za mu Jibiya da waɗannan tsibirai na Gini a takarda ɗaya aka yi cinikinsu. A Tamara har yanzu akwai kufan kurkukun Fotoba, inda Turawan mulkin mallaka suke tsare fursunoni. Bamaraɗen da ya san wannan ba zai yarda a ba shi rabin awa a wurin ba.

Game da salla ba sai na tsawaita ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi kamar yadda hadisi ya tabbatar, amma jadawalin tsibiri biyar ba ya barin wurin azahar, sai mutum ya nema da bakinsa tun kafin a tashi. Abincin rana da ake haɗawa cikin kuɗin yawo shi ma a tambayi abin da ke cikinsa, musamman a Asiya, haka kuma kuɗin shiga wuraren da hukuma ke karewa, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka faɗa a otel.

Roƙona ga wannan jarida, Malam Edita, shi ne ta riƙa ba da fili ga irin wannan bayani gab da lokacin hutu, da Hausa, domin takardun gargaɗin da ake rabawa a bakin jirgi da Faransanci ko Turanci suke, da yawa daga alhazanmu kuma ba da su suka yi karatu ba. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na nan Maraɗi da na Yamai, waɗanda suka fara haɗa irin wannan yawo cikin tallarsu, ya kamata su riƙa gaya wa mai saye tsibiri nawa ne, minti nawa za a yi a kowanne, mutum nawa jirgin yake ɗauka bisa takardarsa, da kuma ko za a mayar da kuɗi idan hadari ya hana fita, domin wanda ya san kuɗinsa ba zai dawo ba shi ne yake matsa wa direba a fita ko sama ta yi baƙi. A Najeriya hukumar kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta saka rigar kariya, don haka wanda zai je bakin tekun shaƙatawa na Tarkwa Bay daga Legas yana da doka a bayansa idan ya ƙi hawa jirgin da babu riguna. Ina kuma fatan wakilinku zai leƙa Madarunfa ya gano mana ko kwale-kwalen da ke ɗaukar baƙi a kan tafkin suna da irin waɗannan riguna, ya kawo mana rahoto.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi