Amsa ga Alhajin da ya tambayi wane Bature ke biyana

Alhaji, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan amsa. Ka ce in nuna maka gona ɗaya a ƙasar Anka da dalmar da ke fita daga dutsen zinare ta kashe wa dawa, in kuwa na kasa, to in faɗa wa Zamfarawa wane Bature ne ke biyana nake ɓata wa hatsinmu suna. Ka ƙara da cewa ni malamin gona ne na takarda, ban san zafin fartanya ba. Wannan ta ƙarshen na bar ka da manoman da na yi shekaru ina shiga gonakinsu, su za su ba ka amsa.

Maganar biya ita ta sosa mini rai. Albashin gwamnati nake ci, kai ma ka san ko nawa ne, don ka sha ganina a kan tsohon babur ɗina lokacin da kake wucewa da motocinka. A cikinmu biyu akwai wanda arzikinsa ke ƙaruwa duk ranar da injin niƙan dutse ya kwana yana aiki, kuma ba ni ba ne. Turawan da kake zagi kuwa, su ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka iso a 2010 suka tarar ana binne yara a Dareta da Yargalma da Abare da Sunke, ana cewa zazzaɓi ne ko iska. Yara kimanin 400 gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum. Agwagi ne suka fara mutuwa, babu wanda ya kula. Ban ji muryarka a rediyo ba a wannan shekarar, Alhaji. Ban kuma ji ta ba sa'ad da mutanen Bagega suka zauna jiran kuɗin kwashe ƙasa mai gubar har 2013, likitoci na cewa ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya kwashi gubar.

Gonar da kake nema ba zan nuna maka ba, domin ban taɓa cewa dalma na kashe dawa ba. Da tana kashewa ai da mun huta, manomi zai gani da idonsa ya ƙaura. Dawa na iya yin kore shar, ta fid da kai, a ƙasar da bai kamata yaro ya zauna a kai ba. A 2010 an auna ƙasar wasu gidaje aka sami dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne, kuma ciyawa ba ta daina tsirowa a waɗannan garuruwa ba. Dalma ba ta ruɓewa kamar taki. Tana zaune a ƙasar sama, daidai inda garma ke juyawa. Rani ya yi iska ta ɗauke ta, damina ta faɗi ruwa ya gangaro da ita fadama, inda ake noman alayyafo da latas da yakuwa, ganyen da ke riƙe ƙura. Shanu su yi kiwo a wurin, su sha a kududdufin da aka wanke dutse. Masu binciken da suka bi abincin yaran sun gano cewa mafi yawan dalmar bayan girbi take shiga hatsi: wurin shanya a ƙasa, wurin sussuka, da turmin da aka daka dutse a ciki jiya aka surfa gero yau. Ga kuma zaibar da ake kama zinare da ita, wadda ke bin ruwa ta taru a jikin kifi.

Ban ce a hana talaka haƙo ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙo a Zamfara a 2019, ta janye a ƙarshen 2024, kuma duk ɗan Anka ya san ramukan ba su yi hutun shekara biyar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, aikin da aka yi na kwashe ƙasa gidaje da unguwanni da wuraren niƙa ya fi shafa, manomin da ke gefen wurin wankin dutse kuwa har yau ba a zo an gaya masa abin da ke cikin gonarsa ba. Shi ya sa abin da ya faru da mu ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja a 2015, yara 28 suka tafi, kowa ya yi kamar bai taɓa jin labari ba. Ana ƙirga zinaren da ya fita, ana rigima kan wanda zai karɓi haraji, amma ba a tambayar inda laka take zuwa.

Tunda hujja kake so, akwai na'urar hannu da ke auna dalma a ƙasa nan take. Ka zaɓi rana, a kira hakimi da masu gonakin da ke gangaren wurin wankinka, a auna a gaban kowa. Idan ƙasar ta fito lafiya, zan je gidan rediyon nan in ba ka haƙuri da bakina. Idan ba ta fito ba, kuɗin kwashe ta a kanka.

Ka huta lafiya.

Malamin gona, Anka